Anita Mui, ɗiyar Hong Kong (1963-2003)

Masu zuwa sinima da masu kallon kaset na bidiyo a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san Jackie Chan sarai. Amma kaɗan ne suka riƙe sunan macen da ta fito matar ubansa cikin fim ɗin Drunken Master II na shekara ta 1994, wadda take ɓoye kayan caca in ta ji motsin maigida, take kuma kāre yaron daga sandar uban. Sunanta Anita Mui. A gaskiya Jackie Chan ya girme ta da shekara 9, amma ta riƙe matsayin uwa har mai kallo ya manta da haka. A garinsu kuwa ba da fim aka fara saninta ba. Mawaƙiya ce, kuma cikin matan zamaninta babu wadda ta kai ta.

Hong Kong tashar jiragen ruwa ce a bakin teku, kudancin ƙasar Sin. Turawan Ingila suka riƙe ta tun shekara ta 1841, ba su mayar da ita ga ƙasar Sin ba sai ran 1 ga watan yuli na 1997. Bayan juyin mulkin da aka yi a Sin cikin 1949, ƴan gudun hijira suka yi ta kwararowa, gari ya cika maƙil, iyali guda cikin ɗaki guda. Harshen mutanen shi ne na Kanton, wanda ya sha bamban da harshen Pekin. Zuwa wajen 1970, wanda duk yake son a ce ya waye sai ya yi waƙa da ingilishi ko da harshen Pekin. Waƙar harshen Kanton ana ganinta abin talakawa da ƴan kasuwa. Daga 1974 ne, ta hanyar telebijin da mawaƙa irin su Sam Hui, harshen gida ya fara samun daraja bisa faifai.

Cikin wannan gari aka haifi Anita Mui ran 10 ga watan oktoba na shekara ta 1963, a unguwar Mong Kok. Ita ce auta cikin ɗiya 4. Ubanta ya rasu tana ƙarama ƙwarai. Uwar ta buɗe wurin shaƙatawa don ta ciyar da su, gobara ta cinye shi. Tun tana da shekara 4 da ƴan watanni aka ɗora ta bisa dandali tare da yayarta Ann Mui, suna waƙa a filin wasanni na Lai Chi Kok, daga baya kuma a gidajen rawa da bakin titi. Da rana lakkol, da dare waƙa. A wancan zamani yarinyar da take waƙa a bainar jama'a don kuɗi ba ta da mutunci a idon mutane, kamar yadda wasu gidaje suke kallon zabiya. Ƴan ajinsu suna yi mata ba'a, iyayensu suna hana su kusantarta. Tana da shekara 13 ko 14 ta bar karatu gaba ɗaya. Wannan abu ya tsaya mata a rai har ƙarshen kwananta, shi ya sa duk lokacin da ta samu dukiya ba ta manta da karatun yara ba.

Da ta kai shekara 15, yawan waƙa wuri-wuri cikin dare guda ya ɓata mata maƙogwaro. Likita ya ce ta huta, ta yi kusan shekara ba ta hau dandali ba. Da ta dawo, muryar ta sauka, ta yi kauri, ta zama mai zurfi kamar ta babbar mace da ta ga duniya. Abin da ake tsoron zai kashe mata sana'a shi ya zama alamarta, don ko a rediyo aka ji ta ba a tambaya wace ce.

Cikin 1982 gidan telebijin na TVB ya shirya gasar neman sababbin mawaƙa, karo na farko. Mutum fiye da 3.000 suka shiga. Yayarta ce ta ƙarfafa mata gwiwa. Anita tana da shekara 18, amma ta riga ta yi shekara 14 cikin sana'ar, saboda haka kiran ta sabuwa ma kuskure ne. Ta ci lamba ta ɗaya, kamfanin faifai na Capital Artists ya ɗauke ta.

A nan ya kamata mai karatu ya san wani abu game da irin wannan waƙa. Harshen Kanton, kamar hausa, harshe ne mai karin sauti: in murya ta hau ko ta sauka bisa kalma, ma'ana ta sāke. Sai dai nasu karin ya kai 6. Yawancin waƙoƙin wancan zamani kuwa kiɗansu aro ne daga Japan ko Turai ko Amurka, marubuci ya zauna ya nemo kalmomin da hawansu da saukarsu suka dace da kiɗan baƙi. In ya kuskure, waƙar soyayya ta koma abin dariya. Aiki ne mai wuya, kuma mawaƙin da zai rera shi har a ji kamar a gida aka haife shi dole ya zama gwani.

Shekara ta 1985 ce ta ɗaga ta sama. Faifanta mai suna Bad Girl, wato yarinya marar ji, an sayar da fiye da 400.000 a garin da mutanensa ba su kai miliyan 6 ba. Waƙar tana maganar sha'awar mace a fili, abin da ba a saba ji ba. Dattawa suka yi tir, hukumar ƙasar Sin ta hana ta, matasa kuwa suka yi ta saye. Wani maɗinki mai suna Eddie Lau ya zama abokin aikinta na tsawon rai. Kowane sabon faifai da sabuwar kama: yau ta fito da kwat irin na maza da baƙin tabarau, gobe da lulluɓi da zinariya, jibi kamar amarya. Aka yi mata laƙabi da mai kama ɗari, jaridun waje kuma suka kira ta Madonna ta Gabas. Wannan kwatanci ya rage ta, don kuwa ta fara tun kafin a ji sunan waccan, kuma tushenta wasan gargajiya ne na Sin da gidajen rawa na talakawa.

Akwai wani babban zaure a Hong Kong da ake kira Coliseum, mai ɗaukar mutum wajen 12.500. Cikin 1985 ta cika shi dare 15 a jere, tsakanin 1987 da 1988 dare 28, cikin 1990 dare 30. Shekara 5 a jere, daga 1985 zuwa 1989, ita ce aka zaɓa mawaƙiyar da jama'a suka fi so. Cikin 1990 ta ce ta daina karɓar kyautar waƙa don na baya su samu hanya. Ta kuma rene ƙanana da dama cikin sana'ar, irin su Andy Hui da Denise Ho.

Wajen fim, ta fito cikin fiye da 40. Akwai na dariya tare da Stephen Chow, akwai na faɗa kamar The Heroic Trio na 1993 tare da Michelle Yeoh da Maggie Cheung, akwai wanda aka nuna da faransanci da sunan Jackie Chan dans le Bronx, na 1995, inda ta fito mai kantin da ƴan daba suka addaba. Amma wanda ya fi duka shi ne Rouge, na Stanley Kwan, da aka gama cikin 1987. Labarin wata mawaƙiya ce ta gidan karuwai a Hong Kong ta da, wadda ɗan wani attajiri ya so. Iyayensa suka ƙi auren. Sai su biyu suka yi alkawarin mutuwa tare cikin 1934, suka haɗiye guba. Ita ta mutu, ta yi ta jiransa a lahira shekara 53 bai zo ba. Sai fatalwarta ta dawo garin tana nemansa, har ta je gidan jarida ta sa cigiya. Ta tarar unguwarsu ta ɓace, an rushe gidajen, an gina wasu. A ƙarshe ta same shi da rai, tsoho tukuf, matalauci, yana ƴan ƙananan ayyuka a wurin ɗaukar fim. Ta mayar masa da ƴar batta ta jan baki da ya taɓa ba ta, ta juya ta tafi. Leslie Cheung, babban mawaƙi kuma amininta, shi ya fito saurayin. Mutanen Hong Kong, waɗanda suka san tun 1984 cewa za a mayar da garinsu hannun Pekin, sun ga kansu cikin wannan mace mai neman abin da ya wuce. Ta samu kyautar gwanar ƴan wasa mata a Taiwan da kuma Hong Kong. Wanda ya kalli fim ɗin zai lura ba ta yawan motsi ko ɗaga murya. Da ido da tafiya take aikin.

Ba ta ɓoye ra'ayinta ba a sha'anin ƙasa. Ran 27 ga watan mayu na 1989 tana cikin mawaƙan da suka yi babban taron waƙa a filin sukuwa na Happy Valley don goyon bayan ɗaliban da suke zaman dirshan a dandalin Tiananmen na Pekin. Bayan sojoji sun murƙushe ɗaliban ran 4 ga watan yuni, ta yi shekaru tana ƙin zuwa aiki cikin ƙasar Sin. Saboda haka ta bar babban matsayi cikin fim ɗin Center Stage, wanda za a ɗauka a Shanghai. Maggie Cheung ta karɓa, ta ci kyauta da shi a Berlin cikin 1992. Mawaƙi da yawa sun yi waƙa a wancan taro, amma ba kowa ne ya yarda ya yi hasara dominsa ba.

Cikin 1993 ta kafa asusun taimako nata na kanta, tana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan wasa da mawaƙa ta Hong Kong, wadda daga baya ta zama shugabarta. Yarinyar da aka rena don tana waƙa ita ce ta zo tana magana da sunan dukan masu sana'ar.

Daga shekara ta 2000 sai mutuwa ta fara zagaya ta. Yayarta Ann, wadda suka fara hawa dandali tare, ta rasu da cutar daji ta bakin mahaifa. Cikin 2002 Roman Tam, ɗaya daga cikin manyan da suka riga ta, ya bi. Ran 1 ga watan afrilu na 2003 Leslie Cheung ya kashe kansa bayan doguwar cutar damuwa. A wannan lokaci kuma annobar numfashi da ake kira SARS ta rufe garin, ta kashe mutum 299, makarantu a kulle, kowa da ƙyalle a hanci. Anita ta tara mawaƙa suka yi taron waƙa cikin watan mayu don tallafa wa iyalan da annobar ta shafa. Sunan taron 1:99, wato awon maganin wanki da ruwa da hukuma ta ce a riƙa goge gidaje da shi. Duk wannan hidima ta yi ta ne alhali ita ma ba ta da lafiya.

Ran 5 ga watan satumba na 2003 ta tara ƴan jarida ta shaida musu cewa tana ɗauke da irin cutar da ta kashe yayarta. Wannan cuta wata ƙwaya ce take haddasa ta, tana yin shekaru a ɓoye ba ciwo, kuma in an gano ta da wuri wajen awo ana warkewa. Rigakafinta bai fito ba sai 2006, shekara 3 bayan rasuwar Anita. Da mace mai suna irin nata ta faɗi sunan cutar a gaban jama'a, mata da yawa sun ji abin da ba a faɗa musu a gida.

Maimakon ta kwanta, sai ta koma Coliseum. Cikin watan nuwamba ta yi dare 8, jiki ya rame, zazzaɓi yana kama ta, amma muryar tana nan. Anita ba ta taɓa aure ba, ko da yake ba ta ɓoye cewa tana so ba. Don haka ta roƙi Eddie Lau ya ɗinka mata farar rigar amarya mai dogon mayafi. A daren ƙarshe, ran 15 ga wata, ta sa rigar, ta nuna wa jama'a cewa dandalin nan shi ta aura. Ta rera waƙarta ta faɗuwar rana, ta 1989, sannan ta hau wata doguwar matakala ita kaɗai, mayafi yana jan ƙasa a bayanta. Da ta kai sama ta juyo ta ɗaga hannu, ƙofa ta rufe. Kwana 45 bayan haka, ran 30 ga watan disamba na 2003, ta rasu a asibiti, tana da shekara 40. Fim ɗinta na ƙarshe shi ne July Rhapsody na Ann Hui, na 2002. An so ta fito cikin House of Flying Daggers na Zhang Yimou. Da ta rasu, bai sa wata a madadinta ba, ya cire matsayin, ya rubuta sunanta a ƙarshen fim ɗin.

An yi jana'izarta cikin watan janairu na 2004 bisa al'adar addinin Buda, dubban mutane suka tsaya bakin hanya. Dukiyarta kuwa ba ta huta ba. Ta bar wasiyya cewa a riƙe kuɗin amana, a riƙa ba uwarta abin masarufi kowane wata, a biya karatun ɗiyan ƴan'uwanta, abin da ya rage a ba wata ƙungiyar addinin Buda. Uwar ba ta yarda ba, ta kai ƙara, shari'a ta yi ta ja har kotun ƙoli ta Hong Kong ta tabbatar da wasiyyar cikin 2011.

Cikin watan yuli na 2014 aka kafa mutum-mutuminta na tagulla a bakin ruwan Hong Kong, bisa hanyar da aka keɓe don tunawa da taurarin fim, inda aka kafa na Bruce Lee. Kuɗin aikin masu ƙaunarta ne suka tara. A gindinsa an rubuta laƙabin da mutanen garin suka ba ta, ɗiyar Hong Kong. Cikin 2021 kuma aka yi fim na tarihin rayuwarta mai suna Anita, inda wata sabuwar ƴar wasa, Louise Wong, ta fito a matsayinta.