Guru Nanak: malamin Panjab da Musulmi da Hindu suka yi jayayya kan gawarsa

A garin Kartarpur da ke bakin kogin Ravi, cikin gundumar Narowal ta ƙasar Pakistan, akwai wani babban gidan ibada fari fat na mabiya addinin Sikh. Wanda ya shiga zai tarar da alamu biyu na mutum ɗaya. A cikin ginin akwai dandamalin tunawa irin wanda Hindu ke yi wa mamatansu, a farfajiya kuma akwai kabari irin na Musulmi. Dukansu na Guru Nanak ne, wanda ya kafa addinin Sikh, ya kuma rasu a wannan gari ran 22 ga watan Satumba na 1539 yana da shekara 70. Yau mabiyansa sun kai kimanin miliyon 25 a duniya, galibinsu a jihar Panjab ta Indiya, kuma ana saurin gane mazansu da rawani da gemu. Yadda aka yi jama'ar addinai biyu kowace ta ce mamacin nata ne, shi ne labarin rayuwarsa.

Ɗan mai lissafin haraji

An haifi Nanak a 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib, kusan kilomita 80 yamma da birnin Lahore. A lokacin sarakunan Lodi, Musulmi ƴan asalin Afganistan, ke mulki a Delhi. Iyayensa Hindu ne. Mahaifinsa, Mehta Kalu, shi ke riƙe da lissafin gonaki da haraji na mai garin, wani Musulmi mai suna Rai Bular. Ke nan yaron ya tashi ne a gidan Hindu da ke cin abinci a ƙarƙashin Musulmi, yana jin kiran salla yana kuma ganin ibadar iyayensa.

Yawancin abin da aka sani game da ƙuruciyarsa ya fito ne daga littattafan da mabiyansa suka rubuta shekaru bayan rasuwarsa, waɗanda ake kira janamsakhi. Tarihi da almara sun cakuɗe a cikinsu, amma suna nuna abin da Sikh ke ɗauka a matsayin halin malaminsu. A cikinsu ne aka ce tun yana yaro ya ƙi a rataya masa zaren da manyan dangogin Hindu ke ratayawa don bambanta kansu da na ƙasa, domin a ganinsa zaren auduga yana tsinkewa ya yi dauɗa, ba ya kuma gyara halin mai shi. An kuma ce wata rana mahaifinsa ya ba shi rupi 20 ya je ya yi ciniki mai riba, sai ya sayi abinci da kuɗin ya ciyar da wasu masu ibada da yunwa ta galabaitar, ya dawo hannu wofi. Uban ya fusata ƙwarai. Har yau Sikh na kiran wannan abu cinikin gaskiya.

Da iyaye suka ga ba ruwansa da fatauci, sai aka tura shi Sultanpur wajen yayarsa Nanaki da mijinta Jai Ram. Can ya samu aikin kula da rumbun hatsi na hakimin garin, Daulat Khan Lodi. Ya yi aure da Sulakhani, suka haifi ƴaƴa maza biyu, Sri Chand da Lakhmi Das. Da rana yana awon hatsi, da dare da asuba yana rera waƙoƙin yabon Ubangiji tare da abokinsa Mardana.

Makaɗin da bai bar addininsa ba

Mardana ɗan garinsu ne, ya girme shi da shekara goma, kuma Musulmi ne. Ya fito daga zuriyar mirasi, wato masu gadon kiɗa da roƙo, waɗanda ba a ba su daraja a Panjab ta wancan zamani. Yana kaɗa rabab, wani kayan kiɗa mai tsirkiya ɗan uwan molo. Ɗan babban gida na Hindu ya riƙa zama tabarma ɗaya da maroƙi Musulmi, yana ci tare da shi, abin kunya ne a idon jama'a. Nanak bai kula ba. Sun yi shekaru da dama tare, ɗaya na tsara waƙa ɗaya na kiɗa, har Mardana ya rasu a 1534. Sikh da kansu na tunawa da shi a matsayin Musulmi, suna kuma kiran sa Bhai Mardana, wato ɗan uwa Mardana.

Wajen shekarar 1499, Nanak na da kimanin shekara 30, ya je wanka a rafin Bein da ke Sultanpur kamar yadda ya saba kowace asuba, sai ya ɓace. Aka nema aka rasa, aka ɗauka ruwa ya ci shi. Bayan kwana uku ya bayyana. A aƙidar Sikh, cikin waɗannan kwanaki ne aka ɗora masa nauyin kiran mutane zuwa ga Ubangiji ɗaya. Maganar farko da aka ce ya yi ita ce babu Hindu kuma babu Musulmi. Malaman Sikh na fassara ta da cewa a gaban Mahalicci suna ba ya isar wa kowa, aikin mutum da zuciyarsa ake dubawa.

Maganar ta kai kunnen alƙalin garin, aka kira shi gaban hakimi. Labarin ya ce suka gayyace shi masallaci, tun da yana cewa duk ɗaya ne. Ya bi su, amma da aka ta da salla sai ya tsaya bai bi ba. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa hankalin alƙalin na gida wajen ɗan dokin da goɗiyarsa ta haifa, yana tsoron kada ya faɗa rijiya, hakimin kuma zuciyarsa na Kabul wajen cinikin dawaki. Aka ce dukansu suka amsa haka ne. Abin lura a labarin shi ne Nanak bai zagi salla ba, rashin halartar zuciya a cikinta ya soka.

Haka ya yi wa Hindu. A Hardwar, bakin kogin Ganga, ya tarar da masu ziyara na watsa ruwa wajen gabas don ya isa ga kakanninsu da suka mutu. Sai ya juya yamma ya fara watsa nasa, ya ce gonarsa ta Panjab yake ba ruwa. Suka yi masa dariya. Ya nuna masu cewa in ruwansu na iya kaiwa wata duniya, nasa ba zai kasa kaiwa gonar da ke cikin wannan ba.

Shekarun tafiya

Ya bar aikin rumbu, ya kama hanya shi da Mardana. Kusan shekara ashirin suka yi suna yawo. Littattafan Sikh na cewa sun kai Banaras da Asam a gabas, tsibirin Siri Lanka a kudu, duwatsun Himalaya a arewa, da Makka da Bagadaza a yamma, ko da yake masana tarihi na da saɓani kan wasu daga cikin waɗannan zango-zango. Duk inda ya sauka yakan nemi masu ilimin wurin, malaman Hindu, masu zuhudu na yoga, shehunnan Sufaye, ya zauna a yi muhawara.

Abin da yake koyarwa bai da wuyar faɗi. Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, don haka bautar gumaka ba ta da amfani. Mutum ya riƙa ambaton sunansa, ya ci guminsa ta hanyar gaskiya, ya raba abin da ya samu da mabuƙata. Waɗannan uku su ne ginshiƙan tarbiyyar Sikh har yau. Ya yi tir da tsarin da ke raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, ya kuma ƙi yarda a raina mace, tun da ita ke haihuwar kowa har da sarakuna. Ga Musulmi, kiransa shi ne salla ta zo tare da gaskiya da tausayi da cin halal. Ga Hindu, wanka a kogi ba ya wanke zuciyar mai cin haƙƙin wani.

Wannan bai sa ya zama Musulmi ba, kuma Sikh ba sa yarda a ce addininsu haɗin gambiza ne na Musulunci da Hindu. Sun yi imani da cewa rai na sake dawowa duniya cikin wani jiki har sai ya tsira, suna ƙona gawa, suna da littafinsu da ibadarsu. Tsakaninsu da Musulunci akwai saɓani na aƙida wanda ba ya ɓoyuwa. Girmamawar da Nanak ya koyar ita ce ka riƙe naka, ka faɗi abin da kake gani kuskure ne, amma kada ka tilasta wa kowa, kada kuma ka hana shi abinci ko mutunci don addininsa.

A garin Saidpur, wanda yanzu ake kira Eminabad, an ce ya sauka gidan wani talaka masassaƙi mai suna Lalo, ya ƙi zuwa walimar attajirin garin, Malik Bhago. Da aka tilasta masa, sai ya matsa gurasar kowannensu a hannu: ta masassaƙin ta fitar da madara, ta attajirin ta fitar da jini, alamar dukiyar da aka tara da zaluntar talakawa. Wannan gari ne sojojin Babur, wanda ya kafa daular Mugal, suka afka wa wajen 1520, kafin ya ci Delhi a 1526. Nanak ya ga ɓarnar da idonsa. A waƙoƙin da ya yi kan wannan yaƙi ya yi kukan matan Hindu da matan Musulmi baki ɗaya, ya la'anci maharan, ya kuma ɗora laifi kan sarakunan Lodi da suka shagala suka kasa kare jama'arsu.

Manomin Kartarpur

Shekarunsa na ƙarshe, kusan goma sha takwas, a Kartarpur ya yi su. Ya ajiye kayan matafiya ya sa tufafin magidanci, ya kama noma. A wurinsa mai ibadar da ya gudu daji ya bar iyali, sannan ya dawo yana bara a ƙofar masu aiki, bai fi su ba. A nan ya kafa al'adar da Sikh suka fi shahara da ita, wato langar: madafa ta kowa da kowa, inda ake zama a ƙasa sahu-sahu, mai kuɗi kusa da talaka, Hindu kusa da Musulmi, a ci abinci iri ɗaya kyauta. A ƙasar da babban Hindu ba ya shan ruwan da na ƙasa da shi ya taɓa, wannan zama ya fi kowane wa'azi ƙarfi. Yau kowane gidan ibadar Sikh na da langar, kuma ba a dafa nama a ciki don kada abincin ya hana wani zama. A babban wurin ibadarsu na Amritsar, mai ƙofofi huɗu da ke kallon kusurwoyi huɗu, dubun dubatar mutane ke ci kullum ba a tambayar kowa addininsa.

Da ajali ya matso, bai ba ƴaƴansa gadon jagoranci ba. Ya zaɓi wani almajirinsa mai suna Lehna saboda biyayyarsa da hidimarsa, ya raɗa masa suna Angad. Bayan ya cika, in ji labarin Sikh, Hindu suka ce za su ƙona gawar, Musulmi suka ce binne ta za su yi. Da aka yaye mayafin sai aka tarar da furanni kawai. Aka raba mayafin biyu, waɗancan suka ƙona rabinsu, waɗannan suka binne nasu.

Abin da ya biyo baya

A 1604 guru na biyar, Arjan, ya tattara littafin Sikh mai tsarki. Waƙoƙin Nanak 974 na ciki. Tare da su ya sa baitocin Shehu Farid na Pakpattan, waliyyin ɗariƙar Cishtiyya da ya rayu a ƙarni na 13, da na Kabir masaƙi, da na Ravidas baduku, wanda manyan Hindu ke ƙyamar taɓa irinsu. Tun 1708 wannan littafi, Guru Granth Sahib, shi ne jagoran Sikh, kuma duk mai rusuna masa yana rusunawa ne har da kalmomin wancan shehi Musulmi.

Zaman bai tafi sumul ba. Arjan ya mutu a hannun hukumar sarki Jahangir a 1606. A 1675, zamanin Aurangzeb, aka sare kan guru na tara, Tegh Bahadur, a Delhi, kuma Sikh na tunawa da shi a matsayin wanda ya ba da ransa don kare ƴancin ibada na Hindun Kashmir, mutanen da bai yi tarayya da su a aƙida ba. Duk da yaƙe-yaƙen da suka biyo, makaɗa Musulmi magada sana'ar Mardana sun ci gaba da rera waƙoƙin ibada a Amritsar har 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan, aka yanka Panjab biyu, Sikh da Hindu da Musulmi suka karkashe juna, miliyoyi suka yi hijira. Yawancin makaɗan suka koma Pakistan.

Rabon ya bar Kartarpur a ɓangaren Pakistan, kilomita huɗu kacal daga iyaka. Shekaru da dama Sikh na Indiya kan tsaya a garin Dera Baba Nanak su hangi ginin da madubin hangen nesa. Sai ran 9 ga watan Nuwamba na 2019, daf da bikin cika shekara 550 da haihuwar Nanak, ƙasashen biyu suka buɗe wata hanya ta musamman da masu ziyara za su bi ba tare da biza ba, su kai ga gonar da ya noma, su tsaya gaban dandamalin da kabarin, sannan su zauna sahu ɗaya a ci langar.