Alhaji Umaru Karki: Malamin Da Ya San Ciwon Zuciyar Fatake

Duk wanda ya tashi a Zongon Kumasi, ko a Aboabo ne ko Asawase ko Sabon Zongo, in dai ya taɓa durƙusawa gaban malaman zaure, da wuya a ce bai ji sunan Alhaji Umaru Karki ba. Da yawa daga cikin malamanmu idan suka tashi lissafo waɗanda suka yi karatu a hannunsu, sai ka ji salsalar ta biyo ta kansa. To amma a wannan mako ba ta fuskar fiƙihu ko nahawu za mu dubi rayuwarsa ba. Za mu dube shi ne a matsayin mutumin da ya san halin da zuciyar ɗan kasuwa kan shiga idan duniya ta juya masa baya.

Dalilinmu kuwa shi ne, tun daga lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, Ghana ma ta rufe nata daga Maris na 2020 har zuwa Maris na 2022, muke ta jin kukan 'yan uwanmu masu harka a Aflao da Paga da Elubo da Bawku. A shirye-shiryenmu na rediyo mun sha karɓar kiran magidanci wanda jarinsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, barci ya ƙaurace wa idonsa, har ya daina fita majalisa don kunya. Wasu na ɗauka wannan sabon ciwo ne na zamani. Tarihin wannan bawan Allah zai nuna mana cewa magabatanmu sun san shi, sun kuma yi magana a kansa.

An haifi Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu a birnin Kano wajajen shekarar 1858, amma asalin gidansu mutanen Kabi ne. Mahaifinsa malami ne kuma farke, yana safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Salga ta ƙasar Gwanja. A Kano ya sauke Alƙur'ani, sa'annan ya shiga neman ilimi a ƙasashen Sakkwato da Kabi, yana yi yana bin ayari. Saboda haka tun yana yaro ya san tafiyar watanni da jakuna, ya san fito a bakin kogi, ya san kuɗin da sarakunan hanya ke karɓa, ya kuma san kewar gida.

Wannan sanin ne ya sa tun yana saurayi ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna As-Sarhatul Wariƙa, wanda ke koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Mai karatu zai iya cewa, to mene ne haɗin wasiƙa da lafiya? A wancan zamani farke kan yi shekara bai ga iyalinsa ba, wasiƙa ce kaɗai igiyar da ke riƙe da shi da gida. Wanda ya koya wa matafiyi yadda zai gaida mahaifinsa, ya yi wa abokin cinikinsa ta'aziyya, ya nemi bashinsa ba tare da cin mutunci ba, ai ya rage masa wani nauyi a ƙirji.

Shi kansa Malam Umaru bai tsira daga jarrabawar kasuwa ba. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, dangantaka ta lalace tsakanin Asante da Salga, goro ya daina isa can kamar da, kasuwar da ake ji da ita ta fara ja da baya. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja na wannan yanki, Salga ta watse, fatake suka bazu zuwa wasu garuruwa. Malam Umaru, wanda a lokacin ya riga ya zauna a garin yana karantarwa, shi ma daga bisani ya tashi ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta wajajen 1896. Daga sunan wannan gari ne aka samo laƙabin Karki. Ke nan ya ga yadda attajiri ke kwana da dukiya ya wayi gari yana neman masauki.

A lokacin Kete-Krachi na hannun Jamusawa. A nan ya zama limamin gari, ya buɗe makaranta wadda ɗalibai ke zuwa daga nesa. A nan ne kuma ya haɗu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Saboda roƙon wannan Bature, Liman Umaru ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta, waɗanda har yau masu bincike a jami'o'i ke amfani da su.

Sai dai abin da ya fi kusantar da shi ga talakawa shi ne waƙoƙinsa. Idan mai karatu ya lura, kusan duk wata masifa da ta afka wa jama'ar zango a zamaninsa, sai da ya sa ta a waƙa. Da Turawa suka mamaye ƙasashe, mutane suka ruɗe suna ganin duniya ce ta zo ƙarshe, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa tsakanin 1899 da 1903, yana lissafa garuruwan da aka ci ɗaya bayan ɗaya. Da wani mutum mai suna Musa ya ɓullo wajajen 1904 yana da'awar Mahadiyanci yana ruɗa jama'a, ya yi waƙa ya tona asirinsa, domin ya san mutumin da tsoro ya kama shi ne abincin mayaudara.

Mafi shahara a wurinmu ita ce Waƙar Talauci da Wadata. A cikinta Malam bai tsaya ga yunwa da rashin sutura kawai ba. Ya nuna yadda talauci ke cin mutuncin mutum: idan matalauci ya yi magana a taro ba a saurarensa ko da gaskiya ya faɗa, dangi na gudunsa, alhali mai dukiya ana girmama shi ko da bai cancanta ba. Wannan fa shi ne ainihin ciwon. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa zai shaida cewa asarar kuɗi ba ta kai zafin ranar da ya shigo majalisa aka ƙi matsa masa wuri ba. Haka kuma Malam bai ce a naɗe hannu a zauna ba, ya zuga mutane su tashi su nemi na kansu, domin Hausawa sun ce babu maraya sai rago.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, inda ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim a Madina. Bai dawo ba sai wajajen 1918. Ya bar gari a hannun Jamus, ya dawo ya tarar da shi a hannun Ingila. A wannan shekara ce kuma annobar mura ta shigo ta gaɓar teku ta ratsa ƙasar nan, ta kashe dubban mutane. Nan ma ya ɗauki alƙalami ya yi waƙa a kan cutar, wadda ya kira Tunkuyau, yana bayyana alamominta tare da roƙon Allah Ya yaye. A lokacin da babu rediyo babu jarida a zango, wannan waƙa ita ce sanarwa, ita ce kuma lallashi. Abin da aka san sunansa da kamanninsa, tsoronsa kan ragu.

Jarrabawa mafi girma ta same shi a cikin tsufansa, lokacin da ɗansa Alhaji Labbu ya riga shi rasuwa. Babban malami ne, kowa na kallonsa, amma bai ɓoye baƙin cikinsa ba, sai ya yi wa ɗan nasa marsiyya. A nan akwai darasi ga mazajenmu masu ganin cewa faɗin damuwa gazawa ce. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, amma haƙuri daban, haɗiye ciwo har ya kashe ka daban.

Dangantakarsa da Kumasi kuwa ba ɓoyayya ba ce. Ya yi waƙar yabo ga Malam Sallau ɗan Yakubu Bakatsine, Sarkin Zongon Kumasi a shekarun 1920, kuma ɗalibansa sun bazu a zangunan ƙasar nan suna karantarwa. Ta bakinsu ne waƙoƙinsa suka shiga zaurukanmu.

Abin sha'awa shi ne, irin wannan fahimta tasa yau duniya na komawa gare ta. A ƙasar Niyu Zilan da ke tekun Fasifik, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙabilar Mawori mai suna Mason Durie ya fito da wani bayani a farkon shekarun 1980, inda ya kwatanta lafiyar mutum da ɗaki mai bango huɗu: ruhi, da tunani, da jiki, da dangi. Idan bango ɗaya ya rushe, ɗakin ba zai tsaya ba. Hukumomin lafiya na ƙasar sun karɓi wannan bayani suna aiki da shi. Mu ma ai mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan muka gaisa mukan tambayi gajiya, da iyali, da kasuwa, duk a cikin lafiya ɗaya. Alhaji Umaru bai karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ba, amma duk bangon nan huɗu babu wanda alƙalaminsa bai taɓa ba.

Wannan ba yana nufin waƙa da nasiha sun isa ga kowane ciwo ba. Idan ɗan uwa ya kai ga daina cin abinci, ko yana surutai shi kaɗai, ko yana maganar kashe kansa, to a gaggauta kai shi asibiti. A nan Kumasi akwai sashen masu wannan larura a asibitin Komfo Anokye, kuma tun 2012 Ghana ta kafa dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta kare haƙƙin majinyaci. A yi addu'a, a sha magani, kada a ɗaure mutum da mari kamar dabba. Amma kafin a kai ga haka, akwai aikin da yake namu ne. Wanda rumfarsa ke kusa da taka, in ka ga kwana uku bai buɗe ba, taka ka je gidansa, zumunta a ƙafa take. In ya zo majalisa a matsa masa wuri, in ya yi magana a saurare shi kamar yadda ake yi lokacin da yake da shi. Masu bin sa bashi kuma su sassauta, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Allah Ya yi wa Alhaji Umaru rasuwa a Kete-Krachi a shekarar 1934. Bayan an gina madatsar ruwa ta Akosombo a shekarun 1960, tafkin Volta ya cinye tsohon garin, aka tashi jama'a zuwa sabon wuri. Sai dai rubuce-rubucensa sun tsira, domin a waɗannan shekaru ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai ta ɗauki kwafinsu ta adana. Muna kira ga malamanmu na Zongo da su fito da waɗanda ke cikin gafakarsu su karanta wa matasa.

Allah Ya jiƙan Malam da rahama, Ya kyautata namu zuwan, Ya kuma buɗa wa duk wanda kasuwa ta tsaya masa. Amin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.