Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Sam Garba Okoye

Ina yaro a shekarar 2015 ƙungiyarmu ta FC Taraba ta yi kakar wasa marar daɗi, har ta faɗo daga babban rukunin ƙwallon ƙafa na Nijeriya. Wata rana muna dawowa daga filin wasa na Jolly Nyame a nan Jalingo, na rantse na daina kallon ƙwallo. Sai mahaifina ya yi dariya, ya ba ni labarin wani ɗan wasa da ya sha kaye a manyan wasanni, amma har yau ba a manta da shi ba. Tarihinsa nake so in kawo wa mai karatu.

An haifi Samuel Garba Okoye a shekarar 1947, ya kuma tashi a garin Jos. Tun yana ɗalibi tauraronsa ya fara haskawa, domin yana cikin ƙungiyar 'yan makarantun Nijeriya da ta bi Ghana har gida ta doke ta, tare da irin su Isma'ila Mabo da Peter Anieke da Tony Igwe.

A 1968 ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik a Meziko, karo na farko da ƙungiyar ƙwallonmu ta je wannan gasa. Japan ta ci mu 3 da 1, kuma Garba ne ya jefa ɗayan nan tilo. Sifen ta ci mu 3 da nema. Sannan muka yi canjaras 3 da 3 da Brazil, bayan mun fara cin uku.

A gida kuwa, ƙungiyar Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa, ita ce ta cinye gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Sai dai Kofin Ƙalubale ya gagari mutanen Jos. A wasan ƙarshe na shekarar a Legas, Bendel Insurance tana gaba da ci biyu, lokaci ya kusa ƙarewa, sai Garba ya farke duka biyun. Aka sake wasan a Ibadan, Insurance ta yi nasara da ci 3 da 2. A 1974 ma Rangers ta Inugu ta hana su a wasan ƙarshe.

Garba ya rasu a hatsarin mota a 1978, yana da shekara 30 kacal. Bai ga ranar da kofin ya isa Jos ba, wato 1999, lokacin da Plateau United ta ɗauke shi.

Abu biyu suka ja hankalina a rayuwarsa. Na farko, mutum ne mai sunan Hausa da na Ibo a haɗe. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, ba a ɗakin uwata ba, wannan ya ƙara mini ƙwarin gwiwa. Na biyu, ana cin su biyu bai zubar da makamai ba. Faɗuwar gaba dai ta mai saurin tashi ce. Shi ya sa na karya rantsuwata, na koma filin wasa.