Martin Luther: Mai zuhudun da ibadarsa ta kasa ba shi natsuwa

An haifi Martin Luther ranar 10 ga Nuwamban 1483 a garin Eisleben na ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa, mai sana'ar narka tagulla, ya so ya zama lauya. Amma a Yulin 1505 aradu ta faɗi kusa da shi a hanyarsa ta komawa jami'ar Erfurt, ya tsorata ƙwarai har ya yi wa'adi, kuma cikin makonni biyu ya shiga gidan zuhudu na mabiya tafarkin Augustine.

Idan da ayyuka na sayen ceto, da Luther ya saye shi a can. Ya yi azumi har ya rame, ya raba dare yana addu'a, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa a gaban jagoransa, Johann von Staupitz, ya fita, ya tuna wani, ya dawo. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin kullum yana tambayar kansa ko abin da ya yi ya isa. Staupitz, wanda da alama ya gaji, ya tura shi karatu mai zurfi. A 1512 ya zama dakta a ilimin tauhidi a Wittenberg, inda ya koyar da Zabura, sannan wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa. A nan ya fahimci cewa adalcin Allah kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, kuma kyawawan ayyuka 'ya'yan itacen ne, ba saiwarsa ba.

Rikicin 1517 kuwa yana da kuɗi a ƙarƙashinsa. Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashi mai nauyi daga bankin iyalan Fugger don biyan kuɗin muƙaminsa. Aka ba shi izinin sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi: wani kaso ya tafi ginin majami'ar Saint Peter a Roma, wani ya biya bashin. Talakawan da ke tururuwa wurin mai wa'azi Johann Tetzel ba su san da wannan rabo ba. Ranar 31 ga Oktoba Luther ya aika wa Albrecht batutuwa 95 na ƙalubale, injin ɗab'i ya baza su ko'ina. Paparoma Leo na 10 ya kore shi daga coci a Janairun 1521, a Afrilu ya ƙi janye rubuce-rubucensa a gaban majalisar daula a Worms, sannan ya ɓuya a ganuwar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci.

Mai wa'azin alheri bai cika yi wa abokan gabarsa alheri ba. A 1525 ya goyi bayan sarakuna su murƙushe manoman da suka yi bore, a 1543 kuma ya yi rubutun ƙiyayya ga Yahudawa, wanda majami'un Lutheran da dama suka nesanta kansu da shi daga baya.

Ya sha yin gargaɗi cewa koyarwar alheri tana da saurin suɓucewa, domin ɗan Adam ya fi son abin da zai ƙirga ya ce nasa ne. Ya rasu ranar 18 ga Fabrairun 1546 a garin haihuwarsa, kuma ba a cika shekara goma ba almajiransa suka tabbatar da fargabarsa. Georg Major ya koyar cewa kyawawan ayyuka wajibi ne ga ceto. Nikolaus von Amsdorf, tsohon amininsa, ya zarce ya ce illa ma suke yi. Sai a 1577 wata yarjejeniyar malamansu ta yi watsi da maganganun biyu.

Koyarwarsa ta iso Numan ta jihar Adamawa ta yanzu a 1913, ta hannun likitan mishan ɗan Denmark, Niels Brønnum. Ranar 31 ga Oktoban 1999, a Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa alherin Allah kaɗai ke baratar da mutum.