MARIGAYI JIBO BAKARI, MAGAJIN GARIN YAMAI NA FARKO

Babu mai karatun da bai san sarautar Magajin Gari ba. A Sakkwato da Kano da Katsina da Zazzau sarki ne ke naɗa ta, ya ɗaura wa wanda ya ga dama rawani. Amma akwai wani irin magajin gari wanda Turawa suka zo da shi, wanda ba rawani ke ɗora shi ba sai ƙuri'ar mutanen birni. Yau za mu ba da tarihin mutumin da ya fara hawa irin wannan kujera a Yamai, babban birnin maƙwabtanmu na Nijar, watau Jibo Bakari. Dattawan Ɓaɓura da Kazaure da Daura, waɗanda suka yi fatauci zuwa Magarya da Damagaram, ba baƙin sunansa ba ne.

An haifi Jibo cikin shekarar 1922 a Sudure, wani ƙauyen Zabarmawa kusa da Yamai. A wannan ƙauye aka haifi ɗan'uwansa Jori Hamani shekara shida kafinsa. Tun Jibo yana yaro aka kai shi Tawa wurin danginsa, a can ya shiga makaranta, ya tashi cikin Hausawa. Da ya yi ƙoƙari aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Sanigal, inda Faransawa ke horon malamai da akawuna. Da ya komo ya yi aikin koyarwa a Birnin Ƙonni da Agadas.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1946, aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ita ce ta farko a Nijar. Jibo ya shiga, ya zama sakatarenta, har ya bar aikin malanta. Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakaninsa da Jori. Su Jori suka ga ya fi kyau a sassauta, a yi tafiya tare da Turawan mulki, shi kuwa Jibo ya ƙi. Ya koma wajen lebura da direbobi da ƙananan ma'aikata yana haɗa kansu, sa'an nan cikin 1954 ya kafa tasa jam'iyya, UDN. Ita ce tushen wadda daga baya aka sani da sunan Sawaba, kalmar da 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suka riga suka yi kirari da ita tun 1950.

Kafin wannan zamani, Baturen mulki ne ke riƙe da sha'anin birnin Yamai, Gwamna ke naɗa shi, Gwamna ke ɗauke shi. A watan Nuwamba na 1955 Majalisar Faransa ta yi doka cewa waɗansu manyan biranen Afirka za su zaɓi majalisar gari, majalisar kuma ta zaɓi magajin gari daga cikin wakilanta. Wata doka ta 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace. A lura, matan Arewacin Nijeriya ba su sami wannan dama ba sai 1976.

Ran 18 ga watan Nuwamba 1956 aka yi zaɓen. Jam'iyyar Jori ta fi kowace yawan kujeru, amma ba ta kai rabin majalisa ba. Ta Jibo ta zo ta biyu. Ta uku ita ce BNA, ƙaramar jam'iyya wadda sarakuna da 'ya'yan sarauta ke goyon baya. Sai Jibo, wanda ya yi suna wajen sukar sarakai, ya ƙulla yarjejeniya da ita, wakilan jam'iyyun nan biyu suka haɗa ƙuri'unsu, ya zama Magajin Garin Yamai yana da shekara 34. A wannan zamanin ne Modibo Keita ya riƙe irin kujerar nan a Bamako, Seku Ture a Konakiri, Hufuwe Buwanyi kuma a Abijan. Su ukun nan duk sun zama shugabannin ƙasashensu. Jibo ne kaɗai bai kai ba.

Da fari abin ya yi kamar zai kai. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama ɗaya, kuma a zaɓen majalisar ƙasa na watan Maris 1957 suka ci kujera 41 cikin 60. Jibo ya zama shugaban ministocin gwamnatin 'yan ƙasa ta farko. To, amma zaman 'yan marina ake yi, kowa da inda ya sa gaba. Talakawa na son sauƙin haraji da tsaron mutuncinsu, sarakuna kuwa na son a bar musu ikonsu. Da gwamnati ta tuɓe waɗansu sarakuna, sai sauran suka sha jinin jikinsu.

Ana cikin haka Janar Dagol ya hau mulkin Faransa cikin 1958, ya sa a tambayi ƙasashen Afirka da ke hannunsa: ko su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su karɓi mulkin kai nan take. Jibo ya kira jama'a su zaɓi mulkin kai. Faransa ta aiko da sabon Gwamna, Kolombani, wanda ya yi amfani da duk ƙarfin mulki don kada ra'ayin nan. Abokan da suka ɗora Jibo a kujerar Yamai su ne suka fara zare jiki suka koma wajen Jori. Ran 28 ga Satumba aka jefa ƙuri'a, waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba, kuma kimanin kashi 78 cikin 100 na ƙuri'un suka zaɓi zama da Faransa. Gini kaɗai ta fita. A watan Oktoba Jibo ya sauka, a Disamba Jori ya kafa gwamnati, kujerar magajin gari kuma ta koma hannun Bubu Hama na PPN.

A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta zama ta jam'iyya ɗaya. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Jibo yana gudun hijira. Ya zauna a Mali da Gana da Gini, mabiyansa da yawa kuma suka fake a Kano wurin 'yan NEPU. A nan ne ya yi abin da ko masoyansa ke jin nauyin ambatonsa: ya ɗauki makami. Cikin 1964 mayaƙan Sawaba suka ƙetara iyaka ta wurare dabam-dabam, aka murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a, ɗaruruwa suka shiga kurkuku. Cikin Afrilu na 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Jori gurneti a masallacin idi, Allah ya tsare shi.

Bayan Saini Kunce ya kifar da Jori cikin 1974, Jibo ya komo gida. Shekara na zagayowa aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, bai sami cikakkiyar walwala ba sai cikin shekarun 1980. Da aka koma siyasar jam'iyyu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, amma zamani ya riga ya wuce shi, bai sami ko kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Abin lura a nan shi ne, 'yancin da mutanen Yamai suka samu cikin 1956 bai shekara uku a hannunsu ba. Sai a 2004 aka sake kafa majalisun garuruwa na Nijar ta hanyar zaɓen jam'iyyu da yawa wanda sakamakonsa ya tsaya, a 2024 kuma gwamnatin soja ta rushe su. Wanda ya ci da wanda ya faɗi a 1958 babu wanda ya amince ya bar ƙuri'a ta sake raba gardama, ɗaya ya rufe akwati, ɗaya ya ɗauki bindiga, talakan birni kuwa shi ya yi hasara. Allah ya jiƙan Jibo Bakari, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar garuruwanmu, amin.