A. S. Neill: Shugaban makarantar da ɗalibansa ke iya kayar da shi a ƙuri'a

An haifi Alexander Sutherland Neill ranar 17 ga Oktoba, 1883, a garin Forfar da ke yankin Sikotlan. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne, a zamanin da bulala ke mulkin aji. Neill ya taso ana yi masa kallon daƙiƙi, amma ya kammala Jami'ar Edinburgh a 1912. Koyarwar da ya yi a makarantun gwamnati ta tabbatar masa cewa tsoro biyayya kawai yake haifarwa, ba ya gyara hali.

A 1917 ya haɗu da Homer Lane, Ba'amurken da ya bar kangararrun yara suna gudanar da gidan da ake renonsu a Ingila. A 1921 Neill ya buɗe makaranta a Hellerau, kusa da Dresden a Jamus. Daga can ta koma Ostiriya, sannan garin Lyme Regis na Ingila, inda ta fara da ɗalibai biyar a wani gida mai suna Summerhill. Da wannan suna ta tare a Leiston a 1927, kuma tana can har yau.

Ginshiƙanta biyu ne. Ba a tilasta wa yaro shiga aji. Dokokin zaman tare kuwa babban taro ne ke yin su, inda ƙuri'ar ƙaramin yaro take daidai da ta shugaba, har akan kayar da shawarar Neill kansa. Taron ne ke sauraron ƙara ya yanke tara, amma ɗaukar malamai da harkar kuɗi suna hannun shugaba. A wurin Neill, 'yancin yaro ya tsaya ne inda haƙƙin wani ya fara.

Littafinsa na 1960 ya yaɗa sunansa a Amurka, ya kuma jawo masa sukar masu ganin yana wasa da makomar yara. Ya rasu ranar 23 ga Satumba, 1973.

Babbar jarrabawar ta zo bayansa. A 1999 sufetocin ilimi suka nemi a tilasta shiga aji, lamarin da ya kusa kai ga rufe makarantar. 'Yarsa, Zoë Readhead, ta ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2000 gwamnati ta amince da sulhu, amma sai da ɗaliban suka yi taronsu a cikin zauren kotun, suka kaɗa ƙuri'a, sannan aka karɓe shi.