Colin Chapman

Anthony Colin Bruce Chapman (19 ga watan Mayu, 1928 – 16 ga watan Disamba, 1982) injiniya ne ɗan ƙasar Ingila, mai ƙera motoci, kuma wanda ya kafa kamfanin Lotus. An san shi da ƙera ƙananan motoci marasa nauyi waɗanda ake sayarwa a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa a gida, musamman Lotus Mark VI da Lotus Seven. A ƙarƙashin jagorancinsa ƙungiyar tsere ta Team Lotus ta lashe kambun kamfanoni na gasar Formula 1 sau bakwai, da kambun direbobi sau shida. Tsarin da ya ginu a kai shi ne a rage wa mota nauyi, sannan a saka mata inji da giyabos masu araha waɗanda kayan gyaransu ke samuwa a kasuwa. Har yau wannan tsari ne masu haɗa mota da ƙaramin jari suke bi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Chapman a Richmond da ke kudu maso yammacin Landan. Ya tashi a arewacin birnin, inda mahaifinsa Stanley Chapman yake gudanar da otal mai suna Railway Hotel a unguwar Hornsey. Ya karanci injiniyancin gine-gine a University College London, kuma a lokacin karatun ne ya koyi tuƙin jirgin sama. Ya yi ɗan gajeren aiki da rundunar sojin saman Birtaniya, daga bisani ya kama aiki da kamfanin British Aluminium. Abin da ya koya game da ƙirar jirgin sama, inda ake lissafin kowane kilo, ya yi tasiri a kan duk motocin da ya ƙera daga baya.

Motocin farko

A shekarar 1948, yana ɗalibi, Chapman ya gyara wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 ta shekarar 1930 a garejin iyayen budurwarsa Hazel Williams, ya shiga gasar hawan tudu da taɓo da ita. Wannan ce aka sani da Lotus Mark I. A mota ta biyu ya bar shasin Austin amma ya saka injin Ford mai cc 1172, saboda ya fi ƙarfi kuma ana samunsa a gwanjo.

A shekarar 1951 ya haɗa kai da wasu ’yan’uwa biyu, Michael da Nigel Allen, suka ƙera Mark III domin gasar ƙungiyar 750 Motor Club, wadda dokarta ta tilasta amfani da ƙaramin injin Austin 7. Injin yana da silinda huɗu amma ƙofofin shigar mai da iska biyu ne kawai, kowace ƙofa tana ciyar da silinda biyu. Chapman ya raba ƙofofin yadda kowace silinda ta samu hanyarta. Motar ta riƙa barin abokan karawarta a baya har ta kai ƙungiyar ta sauya dokar ta hana wannan dabara.

An kafa Lotus Engineering Company a ranar 1 ga watan Janairu, 1952, a wani tsohon bargar dawaki da ke bayan otal ɗin mahaifinsa. Chapman ya ci gaba da aikinsa na albashi da rana, yana ƙera motoci da dare da ƙarshen mako, kafin ya koma Lotus gaba ɗaya.

Mark VI da zaɓin inji

Mark VI, wadda ta fito a 1952, ita ce motar farko da Lotus ya ƙera da yawa domin sayarwa. Shasinta siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda a jere kusurwa uku-uku, nauyinsa kimanin kilo 25, wato rabin buhun siminti. An lulluɓe shi da fallayen alminiyam. Mai saye yakan karɓi shasi da bodi, sannan ya nemo inji da giyabos da aksul da birki da kansa, galibi daga ƙananan motocin Ford na zamanin. An ƙera kimanin guda 110.

Mafi yawan masu saye sun zaɓi injin Ford mai cc 1172 saboda dalilai uku. Na farko, arha: dubban motoci ne ke ɗauke da shi a titunan Birtaniya, don haka ana samunsa a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Na biyu, duk wani makanike ya san shi. Na uku, akwai gasar da aka keɓe wa motoci masu wannan inji, don haka wanda ya saka shi yana da wurin tsere. Masu hali kuwa sukan saka injin MG, ko na Ford Consul, ko na Coventry Climax. Shi wannan na ƙarshe asalinsa injin famfon kashe gobara ne da aka ƙera shi da alminiyam domin mutum biyu su iya ɗaukarsa, shi ya sa ya dace da ƙaramar motar tsere, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Lotus Seven

A shekarar 1957 Seven ta maye gurbin Mark VI. Mota ce mai kujeru biyu, ba ta da ƙofofi, kuma nauyinta bai wuce kilo 500 ba. A lokacin gwamnatin Birtaniya tana ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota da aka sayar a haɗe, amma harajin bai shafi kayan da mutum ya saya ya haɗa da hannunsa ba. Saboda haka wanda ya sayi Seven a warwatse yakan biya kusan rabin kuɗin haɗaɗɗiya.

Seven ta farko ta zo da injin Ford 100E mai cc 1172, mai ƙarfin doki kimanin 40, da giyabos mai giya uku. Ƙarfin doki 40 ba wani abu ba ne, amma da yake motar ba ta da nauyi, takan riga motocin da suka ninka ta ƙarfi tashi, ta kuma fi su iya shan kwana. Matsalar tana ga giyabos ɗin: tazarar da ke tsakanin giya ta biyu da ta uku tana da faɗi, don haka inji yakan yi sanyi duk lokacin da aka canja. Wanda ya fi son giya huɗu sai ya ɗauki injin BMC mai cc 948, irin na Austin-Healey Sprite. Mai neman tsere kuma ya ɗauki Coventry Climax mai cc 1098.

Kashi na biyu na Seven, wanda ya fara a 1960, ya amfana da sabon injin Ford Anglia 105E mai cc 997 da giyabos ɗinsa mai giya huɗu. Daga baya aka ƙara injinan Ford masu cc 1340 da 1498 waɗanda kamfanin Cosworth ya ƙara wa ƙarfi. Mike Costin da Keith Duckworth ne suka kafa Cosworth a 1958, kuma dukansu sun yi aiki a Lotus. A nan ne wata matsala ta bayyana. Domin rage kuɗi, an rage yawan bututun shasi, an kuma yi amfani da aksul ɗin baya na ƙaramar mota Standard 10. Da aka saka manyan injina, sai aksul ɗin ya riƙa tsagewa, domin ba a yi shi don wannan ƙarfi ba. A kashi na uku na 1968 an koma aksul ɗin Ford Escort tare da injin Ford mai cc 1600. Masu haɗa mota sun ɗauki darasi daga nan, cewa inji da giyabos da aksul tare ake zaɓensu, kuma ya fi sauƙi su fito daga gida ɗaya.

A 1973 Birtaniya ta kawo sabon harajin VAT wanda ya shafi har da kayan mota a warwatse, ribar haɗawa a gida ta ragu. A wannan shekara Lotus ya sayar wa dillalinsa Caterham Cars haƙƙin ƙera Seven, bayan an yi kimanin guda 2,500.

Giyabos na kansa da na aro

A 1957 Chapman ya gwada ƙera nasa giyabos mai giya biyar domin motar tsere ta Lotus 12. Ƙarami ne mara nauyi, amma mai ba ya isa ga haƙoransa yadda ya kamata, sai ya riƙa lalacewa a tsakiyar tsere, har aka laƙaba masa suna Queerbox, wato bauɗaɗɗen akwati. Duckworth ya yi aikin gyara shi kafin ya bar kamfanin. Daga baya Lotus ya haƙura ya koma sayen giyabos daga kamfanin ZF na Jamus, sannan Hewland na Ingila.

A motocin titi ma aro ya ci gaba da yi. Injin Lotus Elan ta 1962 gindinsa na Ford ne, kansa kawai Harry Mundy ya zana wa Lotus. A Europa ta 1966 an ɗauko inji da giyabos na Renault 16 ta Faransa, aka juya su aka dasa bayan direba. Juyawar za ta sa giyoyin gaba su koma na baya, don haka sai da aka sauya wa babban haƙorin da ke juya tayoyi gefe. Esprit ta 1976 kuwa giyabos ɗin Citroën SM ta yi amfani da shi.

Formula 1

Team Lotus ta shiga Formula 1 a 1958. Stirling Moss ne ya fara cin tsere da motar Lotus a Monako a 1960. A 1962 Chapman ya fito da Lotus 25, wadda shasinta kwarya ɗaya ce ta alminiyam maimakon bututu, kuma da ita Jim Clark ya zama zakaran duniya a 1963. Clark ya sake lashe kambun a 1965, shekarar da ya ci tseren Indianapolis 500 a Amurka. Chapman ne ya shawo kan kamfanin Ford ya biya fam 100,000 domin Cosworth ya ƙera injin DFV. A Lotus 49 injin da kansa ya zama ɓangaren shasi, kuma motar ta ci tserenta na farko a ƙasar Holan a 1967. Graham Hill a 1968, Jochen Rindt a 1970, Emerson Fittipaldi a 1972 da Mario Andretti a 1978 duk sun zama zakaru da motocinsa.

An sha sukar Chapman da cewa yana rage nauyi har motocinsa su rasa ƙwari. Clark ya mutu a motar Lotus a Hockenheim ta Jamus a 1968, Rindt a Monza ta Italiya a 1970, sai Ronnie Peterson bayan haɗari a Monza a 1978.

Badaƙalar DeLorean

A 1978 Lotus ya karɓi kwangilar aikin injiniya na motar DeLorean, wadda gwamnatin Birtaniya ta zuba wa kuɗi domin a kafa masana’anta kusa da Belfast. Miliyoyin fam da aka biya ta hannun wani kamfani mai suna GPD Services sun yi ɓatan dabo. Chapman ya mutu kafin a gurfanar da shi. A 1992 aka yanke wa Fred Bushell, mai kula da kuɗin Lotus, hukuncin ɗaurin shekara uku, kuma alƙalin ya bayyana cewa da Chapman yana raye da ya sha ɗauri mai tsawo.

Iyali da mutuwa

Ya auri Hazel Williams a 1954, sun haifi ’ya’ya uku: Jane, Sarah da Clive. A 1966 ya mayar da kamfanin Hethel da ke yankin Norfolk, a wani tsohon filin jirgin saman yaƙi. An ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1970. Ya mutu sakamakon bugun zuciya a Norfolk a ranar 16 ga watan Disamba, 1982, yana da shekara 54.

Tasiri

Caterham na ci gaba da ƙera Seven. Kamfanoni irin su Westfield a Ingila, Donkervoort a Holan da Birkin a Afirka ta Kudu sun fara ne da kwaikwayon ƙirarta. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai yi waldar shasi irin na Seven a gida, ya kwashe inji da giyabos da aksul daga tsohuwar Ford Escort guda ɗaya. Motocin da ake haɗawa ta wannan hanya su ake kira Locost. Da tsofaffin Escort suka yi ƙaranci, masu haɗawa sun koma Ford Sierra da Mazda MX-5, wasu kuma suna saka injin babban babur tare da giyabos ɗinsa.